Gini, Majigi da Waƙa a Kaduna ta Arewa

Unguwar Rimi tana arewacin Kogin Kaduna, a ƙaramar hukumar Kaduna ta Arewa, tana maƙwabtaka da Malali da Unguwar Sarki da Kabala. Fuska biyu gare ta. Akwai tsohuwar unguwa mai lunguna da kasuwa da gidajen haya, akwai kuma ɓangaren GRA mai faffaɗan tituna da manyan filaye, inda inuwar mangwaro da darbejiya ke rufe katangu. Daga wannan unguwa, tafiyar mintuna kaɗan ce a mota zuwa kusan duk wani gini da ake nuna wa baƙo idan ana maganar tarihin Kaduna: Majalisar Lugga, Dandalin Murtala, Otal ɗin Hamdala, Masallacin Sultan Bello, Gidan Arewa da gidan Rediyon Kaduna. Waɗannan gine-gine, da fina-finai da waƙoƙin da suka fito daga cikinsu, galibinsu aikin hannu ɗaya ne, wato gwamnati. Kano kasuwa ce ta gina ta, Zariya sarauta da ilimi, Kaduna kuwa hukuma ce ta shata ta a takarda kafin a kafa tubali. Wannan asali shi ya ba fasahar garin ƙarfinta, shi ne kuma ya zame mata rauni daga baya.

Kafin zuwan Turawa, Gbagyi ne ke noma a wannan yanki. Layin dogo ya ratso ta nan wajen 1911, Gwamna Lugga ya ga wurin yana da ruwa, yana kan hanya, kuma ba ya ƙarƙashin idon wani babban sarki, sai ya zaɓe shi. A 1917 aka kammala ɗauko hedikwatar Arewa daga Zungeru. Tsarin da aka bi wajen yanka garin tsarin wariya ne: dokar birane ta wannan shekara ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 ba gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa. Filin sukuwa da na folo da na golf duk sun yi aikin wannan shinge. Gidajen Turawan kuwa ƙasa-ƙasa ne, da rufin kwano mai tudu, da baranda ta zagaye, da ɗakunan barori can baya. Wanda ya duba tsofaffin gidajen da suka rage a GRA ta Unguwar Rimi zai ga ragowar wannan fasali, ko da yake yawancinsu an rushe su, an yanka filayen gida huɗu ko biyar. Daga wancan zamani akwai wata 'yar gadar ƙarfe ta masu tafiya a ƙasa, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka kwance ta aka kawo Kaduna. Tana nan a lambun Gamji, bakin kogi.

Ginin farko da ya yi yunƙurin yin magana da harshen Arewa shi ne Majalisar Lugga. Tsarin mulkin Richards na 1946 ya samar wa Arewa majalisu biyu, ta wakilai da ta sarakuna, kuma a wannan gini suka zauna. Da siminti aka yi shi, amma an ɗora masa ƙubba wadda ke tuna wa mai kallo tulluwar soron fada da ta masallaci. Magina na gargajiya, irin su Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, da tubali da azara suke ɗaure bakan gizo, tulluwar ta fito daga yadda aka ɗaure ginin ta ciki. A Majalisar Lugga ƙubbar ado ce da alama: ana so sarakunan da za su shiga su ji ba baƙon wuri suka zo ba. Dabarar ta ci. Sarauniya Elizabeth ta ziyarci ginin a 1956, shekarar da aka yi mata gagarumin hawan daba a filin sukuwa, kuma yau Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce ke zama a harabar.

Shekaru goma da suka biyo baya su ne lokacin da aka fi zuba gini. Arewa ta sami mulkin kai a 1959, Najeriya ta sami 'yanci a 1960, gwamnatin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, tana sauri ta kamo Yamma da Gabas. An buɗe masaƙar Kaduna a Kakuri a 1957. A farkon shekarun 1960 aka buɗe Otal ɗin Hamdala, dogon bene mai jerin tagogi, domin babban birnin jiha mafi girma a ƙasar ya sami inda zai sauke baƙinsa. A 1962 aka gina Masallacin Sultan Bello a Unguwar Sarki, wanda aka faɗaɗa daga baya. Jaridar New Nigerian ta fara fita ranar 1 ga Janairu 1966. Benayen kamfanin raya Arewa da na jaridar, a kan titin Ahmadu Bello, su suka fara ba garin siffar birni idan an hango shi daga nesa.

A cikin ayyukan wannan zamani, filin wasa na Ahmadu Bello shi ne wanda masana zanen gini na duniya suka fi sani, saboda sunayen da ke kansa. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, Turawan Ingila ne da suka zana Jami'ar Ibadan, suka kuma yi aiki tare da Le Corbusier wajen gina birnin Chandigarh a Indiya a farkon shekarun 1950. Su suka zana filin da wurin ninƙayarsa a tsakiyar shekarun 1960. Aƙidarsu ita ce gini a ƙasa mai zafi ya kamata ya sanyaya kansa da kansa: a juya shi yadda rana ba za ta doki bango kai tsaye ba, a miƙa rufi ya yi inuwa, a yi bango mai huda-huda iska ta ratsa, a bar kankare tsirara ba tare da kwalliya ba. Sun rubuta littattafai a kan haka, kuma ɗaliban zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun daɗe suna karanta su. Tsarin yana da aibinsa a Arewa, domin bangon da ke shigo da iska a watan Afrilu shi ne ke shigo da ƙurar hunturu a watan Janairu. Duk da haka ya fi hankali a kan benayen gilashi da ake yayi yanzu, waɗanda ba a iya zama cikinsu da rana idan wuta ta ɗauke. Filin ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Gwamnatin ta kuma ɗauko wani masanin tsara birane, Max Lock, ya auna garin ya zana masa makoma ta shekara hamsin. Kundin nasa ya fito a 1967. A shekarar ce aka raba Jihar Arewa gida shida. Sardauna kuwa an riga an kashe shi a gidansa, tare da matarsa Hafsatu, daren 15 ga Janairu 1966, kuma jagoran sojojin da suka kai harin, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, tsohon ɗalibin Kwalejin St. John ne, wadda aka sauya wa suna zuwa Kwalejin Rimi bayan gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Harabar gidan Firimiyan, a titin Rabah, ita ce ta zama Gidan Arewa, cibiyar binciken tarihi da Farfesa Abdullahi Smith ya fara jagoranta a 1970. Tsohuwar hedikwatar jam'iyyar Sardauna, NPC, a titin Ali Akilu ta koma gidan adana kayan tarihi a 1975.

Cikin duk abin da gwamnatin Sardauna ta kafa, babu wanda ya shiga gidajen talakawa kamar rediyo. A 1962 aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada, ya fara rediyo da talabijin daga Kaduna. Ginin ba wani abin kallo ba ne. Ƙarfinsa yana Jaji, inda aka kafa na'urorin da ke tura murya a gajeren zango har Nijar, Kamaru, Cadi, Gana da Sudan. Bahaushen da ke zango a Kumasi da manomin da ke rataye da akwatin rediyo a gonarsa a Daura, lokaci guda suke jin labarai da Hausa iri guda.

Abin da wannan ya yi wa waƙa babba ne. A da, makaɗin fada na sarkinsa ne. Wanda bai je ƙofar fada ranar Salla ba, ba zai ji taushi ko kotso ba sai dai labari. Makaɗan jama'a kuwa sai a gidan biki ko dandali, kuma da yawa daga masu mutunci ba sa so a gan su a wurin. Rediyo ta kwashe su duka ta zuba a faifai ɗaya. Musa Ɗanƙwairo ya fito daga ƙasar Maradun ya zama na kowa, waƙarsa ta Sardauna, Mai Dubun Nasara, ta zama abin da ake sakawa duk shekara idan ranar rasuwar Firimiyan ta zagayo. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya riga ya yi suna da kalangunsa kafin a buɗe tashar, amma ita ce ta kai waƙarsa Bakandamiya inda ƙafarsa ba ta taka ba. Ɗanmaraya Jos da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota waƙa, ya nuna cewa talaka ma abin waƙa ne ba sai basarake ba. Haruna Uji da gurmi, Garba Supa da Hassan Wayam da kukuma, Barmani Coge da ƙwaryar amada, kowa ya sami fili. Shirin Zaɓi Sonka ya mai da mai sauraro abokin aiki: mutum ya sayi kati ko ya rubuto wasiƙa, ya jero sunayen 'yan uwa da abokai, ya zaɓi waƙa, ya zauna jiran ranar da za a ambaci sunan ƙauyensu. Har ƙungiyoyin masu sauraro aka kafa saboda shi.

Hukuma ba don Allah kaɗai ta buɗe wa mawaƙa ƙofa ba. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, waƙoƙin ƙarfafa soja sun cika tashar. Da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, aka kuma sauya fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da bakin mawaƙa aka isar da saƙon. Ta wannan tasha ce kuma tafsirin Shehu Abubakar Gumi daga Masallacin Sultan Bello ya riƙa shiga gidaje duk watan azumi, har ya sauya yadda ake muhawarar addini a Arewa. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta karɓe komai: talabijin ya shiga NTA, rediyo ta zama reshen Rediyon Tarayya a 1978.

Akwai wani ɓangaren kiɗan Kaduna da ake yawan mantawa da shi. Garin na ma'aikata ne da sojoji da 'yan reluwe daga kowace kusurwa, saboda haka yana da kulob-kulob da makaɗan zamani masu jita da ƙaho. Fitaccensu shi ne Bala Miller, wanda ya yi zamani a kulob ɗin Costain, ya kafa ƙungiyar Pyramids a shekarun 1970, yana rera Hausa a kan kiɗan hailaif. Waƙarsa Ikon Allah ta sake fitowa a wani kundin tsofaffin waƙoƙin Najeriya da aka buga a Turai a 2001, sai ga matasan can sun san ta fiye da matasan Kabala. Rikicin 2000 da na 2002, waɗanda suka raba mazauna garin, Musulmi suka fi taruwa arewacin kogi, Kirista kudancinsa, sun ƙarasa kashe irin wannan dandali da kowa ke haɗuwa.

Fim ma ta hannun hukuma ya shigo. Gidajen silima na 'yan kasuwa, waɗanda akasari Kwarori ne suka mallaka, sun fara a Kano tun 1937, suna nuna fina-finan Amurka, daga baya na Indiya suka mamaye. Amma yawancin mutanen karkara ba a silima suka fara ganin hoto mai motsi ba, a majigi suka gani. Motar ma'aikatar yaɗa labarai takan iso gari da la'asar, a gaida hakimi, sankira ya zagaya. Bayan sallar isha'i sai a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a ta da injin wuta, yara a gaba a ƙasa, manya a baya, mata daga gefe. Mai sharhi yana riƙe da lasifika yana fassara, yana ƙara gishiri inda ya ga jama'a sun fara hamma. A nuna Sardauna yana buɗe asibiti, a nuna yadda ake tsaftace rijiya, sannan a kawo wasa. Baban Larai, wanda aka yi a shekarun 1950 don koyar da noman zamani, shi ne ya fi zama a zukatan mutane.

A sashen fim na gwamnatin Arewa a Kaduna Adamu Halilu ya goge. Ya yi fina-finan wayar da kai masu yawa, ciki har da wani na 1963 a kan kiwon lafiyar mata masu ciki, kafin ya ɗauki babban aikinsa, Shaihu Umar, a 1976. Labarin na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, daga littafinsa na 1934, wanda Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar wasan kwaikwayo. Yaro ne aka sace, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe ya zama malami, uwarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta. An yi fim ɗin da Hausa tsantsa, ba gaggawa a cikinsa, kuma ya kalli bautar da aka yi a ƙasar Hausa ido da ido, abin da fina-finan baya ba su cika yi ba. Najeriya ta gabatar da shi a bikin FESTAC na 1977. Domin wannan biki ne aka gina Otal ɗin Durbar a Kaduna, aka kuma yi hawan daba da ya tara dawakin masarautun Arewa. Halilu ya ƙara da Kanta na Kabi a 1978. Bayansa Sule Umar ya yi Maitatsine, Saddik Balewa ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, Brendan Shehu ya yi Kulɓa Na Ɓarna a 1992. Daga nan tsadar fim na silima ta fi ƙarfin kowa, domin darajar naira ta faɗi, kayan aikin kuma daga waje ake sayo su.

Abin da ya riƙe masu kallo a tsakanin nan shi ne wasan kwaikwayon rediyo da talabijin. Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, ya ƙirƙiro Samanja Mazan Fama, wani samanja mai tsawa da ke cakuɗa Hausa da Turancin bariki. A garin da ke da makarantar horar da hafsoshi tun 1964 da barikoki ko'ina, kowa ya san wani mai irin halinsa. Kasimu Yero ya yi Karambana, ya kuma fito a wasannin Turanci na ƙasa baki ɗaya. Yero ya rasu a 2017, Pategi a 2023.

Da bidiyo ya zo, jagoranci ya koma Kano. Turmin Danya ya fito a 1990, kuma masu shi 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo ne, ba ma'aikatan gwamnati ba. Kasuwa ce ke biya, ita ke faɗin abin da take so, abin da take so kuwa soyayya ce da waƙa irin ta Indiya a kan kiɗan fiyano. Kaduna ba ta fita daga harkar ba. A nan Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim a 1999, wadda ta zama babbar ma'ajiyar tarihin masana'antar. A nan Yakubu Lere ya shirya Wasila a 2000, fim ɗin da ya ƙara ɗaga Ali Nuhu. Da hukumar tace fina-finai ta Kano ta tsananta a 2007, har aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa na Bahaushiya, masu shirya fim da dama sun kwaso kayansu sun dawo Kaduna na wani lokaci. Garin ya fitar da Rahama Sadau a fim, Umar M. Shareef na Rigasa a waƙar soyayya, da DJ AB a gambarar zamani. Waɗannan ba su jira gidan rediyo ya kira su ba. Ɗaki guda da kwamfuta da makirfo sun isa situdiyo, waya kuma ta isa kasuwa.

Makomar ayyukan wancan zamani ba iri ɗaya ba ce. Waƙoƙin sun fi kowa sa'a, domin masu kaset sun yi ta kwafarsu daga rediyo, daga kaset suka koma waya, ko da yake iyalan mawaƙan ba su ga kuɗin ba. Gine-ginen da ke da mai su guda ɗaya, kamar Majalisar Lugga da Masallacin Sultan Bello, suna nan ana kula da su. Waɗanda aka bar wa jihohin Arewa su yi tarayya a kai sun sha wuya, jaridar New Nigerian ta daina fita, masaƙar Kakuri ta rufe, Hamdala ya daɗe da barin matsayinsa na da. Otal ɗin Durbar ya shafe shekaru a kulle ana shari'a a kansa tsakanin iyalan Janar Sani Abacha da hukuma, har gwamnatin jihar ta rushe shi a Janairun 2020. Shaihu Umar kuwa an daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar fina-finai ta ƙasa. Wata cibiya a Jamus, Arsenal, ita ta gyara shi, aka sake nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.